Ranar da Na Kulle Surukaina da Tiyon Ban-ruwa

Ba zan taɓa mantawa da ƙarfe huɗu da kwata na yammacin wata Asabar ba, a farfajiyar gidana da ke Minanata. Mu huɗu ne zaune kan darduma ƙarƙashin dogon yaro. Akwai Malam Ummaru, dattijon malami daga Ƙofar Kware, wanda ciwon gwiwa ya daɗe da hana shi tashi sai da sanda. Akwai ƙanensa Alhaji Bello, ma'aikacin gwamnati, cikin farar shadda mai ɗaukar ido. Akwai yayana Shehu, da ya baro gonar shinkafarsa a Kwalkwalawa tun da safe. Sai ni. Baƙin sun zo ne nema wa ɗan ɗan'uwansu, Aminu, auren ɗiyata Nafisa, yayana kuwa shi ne waliyyinta.

A bisa al'ada bai kamata a gan ni a wurin ba. Uba ba ya zama inda ake neman auren 'yarsa. Yaya Shehu ya faɗa mini haka, matata Hajiya Rabi ma ta faɗa. Na ji su duka, na kuma zauna. Ni mutum ne da ya yi rayuwar aikinsa a siton wata makarantar kwana, inda tsintsiya ma take da wurin ajiyarta, kuma ban taɓa yarda cewa abu zai tafi daidai idan idona ba ya kansa ba. A unguwa ana shakkata. Idan na fito, masu surutu a bakin masallaci sukan rage murya. (Ina faɗin wannan ne don ka san daga wane tsayi na faɗo.)

Bari in bi maganar daki-daki, in fara da tiyon.

Ina da 'yan shuke-shuke a farfajiya: zogale, gwaiba, lemun tsami, da kwarin alayyafo da Hajiya ke ji da shi. Tsohon tiyona na roba rana ta cinye shi, ya yi tauri, ya tsattsage. Sai na shiga kasuwa wurin masu kayan famfo. Mai shagon ya ciro mini wani sabon samfuri daga kwali, ɗan gajere, a yamutse kamar hanjin rago, ba nauyi ko kaɗan. Ya ce cikinsa roba ce mai miƙewa, wajensa kuma an lulluɓe shi da yadi, idan ruwa ya shiga da ƙarfi sai ya ninka tsawonsa sau uku, idan ruwa ya fita ya koma yadda yake.

Na yi masa tambayoyi yadda ya kamata. Da farko bakin da ake ɗaurawa a famfo: akwai na roba, akwai na tagulla, na ɗauki na tagulla don zafin Sakkwato ba ya barin roba. Sannan kaurin robar ciki: ya ce akwai mai ninki ɗaya, akwai mai biyu, na ɗauki mai biyu. Sannan kan feshin, baƙi mai maɗanni, wanda idan ba a danna ba ruwa ba ya fita. Daga ƙarshe launi. Akwai kore, akwai shuɗi, akwai baƙi. Na ce a ba ni baƙi, don ba ya nuna dauɗa.

"Baba, tsaya in nuna maka yadda shike yi a waya," in ji mai shagon.

"Na ji bayani," na ce. "Ban zo kallon waya ba."

Ya ƙara da cewa kada a bar shi a rana, kuma a riƙa tsiyaye shi bayan an gama. Waɗannan na riƙe su. Abin da na ƙi tsayawa in gani shi ne ya zo ya same ni har gida.

Na ɗaura shi a famfon farfajiya, na ɗaure tamau, sai dai ba ruwa. Wanda ya zauna unguwarmu ya san ruwan famfo ba ya da rana ba ya da lokaci. Saboda haka tun da daɗewa na kafa doka a gidana: famfon farfajiya a buɗe yake zama. Idan an kawo ruwa yakan fara tari, ya yi kaki, ya tofa iska, kowa ya ji ya fito da bokiti. Ni na kafa dokar, kuma na taɓa yi wa Hajiya faɗa sosai don ta rufe shi. Abin da ban lissafa ba shi ne, famfon da aka toshe bakinsa da tiyo ba ya tari. Tun da na sayo shi ba a kawo ruwa ba, don haka ban taɓa ganinsa yana aiki ba.

Ranar Asabar ɗin na so in yayyafa wa ƙasa ruwa da shi kafin a yi shimfiɗa, don wurin ya yi sanyi, don kuma baƙi su ga gidan da suka zo. Da ruwa ya ƙi zuwa, sai aka yayyafa na 'yan ga-ruwa da hannu. Tiyon kuwa ya tsaya mini a ido, yana kwance a yamutse kusa da wurin zama. Ban so in kwance shi daga famfo ba bayan wahalar ɗaurin da na sha. Sai na naɗe shi, na tura shi gindin bishiya, na ja bakin darduma na rufe, na ɗora matashi a kai. A nan na zaɓi in zauna, don kada wani ya lura.

Da baƙi suka shigo, na mayar da ƙofar waje na sa mata kwaɗo ta ciki, na jefa mabuɗin a aljihu. Dalilina biyu ne: awakin maƙwabta da suke cinye mini zogale, da maƙwabtan kansu, waɗanda ba sa ganin baƙuwar mota su wuce ba su leƙo gaisuwa ba.

Aka gaisa, aka sha fura, aka tambayi damina da farashin taki. Alhaji Bello ya ajiye ƙullin goro da alewa a tsakiya. Malam Ummaru ya yi addu'a, ya gyara rawani, ya dubi yayana.

"To, Malam Shehu, iri munka zo nema gidanga. Yaronmu ya ga ɗiyarku..."

A daidai nan na ji wani abu mai sanyi ya taɓa ni ta baya, ƙasan ƙugu.

Akwai abin da ba kowa ya sani ba game da ni. Ina yaro, a fadamar Kwalkwalawa, na sa hannu cikin damin shinkafa na kamo kumurci. Bai sare ni ba, amma ya miƙe ya fasa kai, muka dubi juna. Tun daga ranar ko igiyar guga na gani a ƙasa sai gabana ya faɗi. Na ɓoye wannan har ga matata. Ƙari a kan haka, a wannan daminar an kashe wani babban kumurci a kangon da ke bayan katangata, na ƙi zuwa kallo na ce ina da uzuri.

Ban motsa ba. Na ce wa raina ƙila iska ce. Sai abin ya sake turo ni, a hankali, da ƙarfi irin na abu mai rai. Matashin da na jingina da shi ya ɗaga kaɗan. Na kalli gefena ba tare da na juya wuya ba, na ga bakin darduma yana tashi yana sauka, tudun kuma yana tafiya, yana nufar inda Malam Ummaru ya miƙe ƙafarsa mai ciwo. Sannan na ji huci, siriri, mai tsawo. Ina jin muryar Malam tana ci gaba da yabon tarbiyyar gidana kamar daga cikin rijiya.

Sai ya fito. Baƙi wuluk, jikinsa duk tamoji yana warwarewa, yana kumbura, yana ƙara tsawo a kan idona. Kan ya zamo daga ƙarƙashin darduma, ya ɗan ɗaga, ya juyo wajena.

Za ka ce ai ni na sayo shi, ni na naɗe shi, ni na ɓoye shi a wurin da hannuna. Gaskiya ne. Amma abin da na ɓoye gajere ne, lagwas, ba ya motsi. Wannan kuwa yana tafiya. A wannan lokacin babu kasuwa a kaina, babu mai shago, babu famfo. Fadama kawai nake gani.

An ce na yi ihu na kira sunan maciji. Ni ban ji muryata ba. Abin da na sani shi ne na tsallake ƙwaryar fura (ba duka na tsallake ba), na bar takalmana, na faɗa ƙofar cikin gida, na rufo ta, na danna sakatar sama, na danna ta ƙasa. Ko a cikin firgici ban tsallake ɗaya ba.

Hajiya ta fito daga madafa da ludayi a hannu. "Malam, lahiya?"

"Kumurci. Kowa ya hau gado."

"Ina baƙin?"

"Suna waje."

"Waje ina? Sun fita?"

Sai a lokacin hannuna ya taɓa aljihu, na ji mabuɗin.

Na so in buɗe. Allah ya sani na so. Na kai hannu kan sakata, hannun ya ƙi. Sai na koma taga na leƙa ta tsakanin ƙarafa. Alhaji Bello ya kai ƙofar waje yana jijjiga kwaɗo da hannu biyu, da ya ga ba ta buɗuwa ya haye kan durom ɗin da muke tara ruwa, ya tattare shadda har cinya. Malam Ummaru yana nan inda yake. Ya yunƙura sau ɗaya gwiwa ta ƙi, sai ya zauna ya rufe ido, leɓɓansa suna motsi. Abin kuwa ya haye ƙafarsa yana ta miƙewa.

Nafisa ta zo bayana. Yarinya ce da ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, kuma ranar ko falo ba ta yarda ta fito ba don kunya. A hankali ta ce, "Baba, tsoho ne fa. Bai iya tashi."

Na ji ta. Ban kuma buɗe ba.

Yaya Shehu ne ya fizgi sandar Malam, ya ja da baya, ya auna, ya sauke ta da dukan ƙarfinsa. Ya sake. A bugu na uku abin ya fashe. Ruwa ya yi tsiri sama, tiyon ya shiga bulala hagu da dama yana feshi, ya wanke Malam Ummaru tun daga rawani har ƙafa, ya bi Alhaji Bello har kan durom, ya cika ƙwaryar fura. Sannan ya fara tsukewa yana ja da baya, yana komawa gindin famfo kamar ya ji kunya.

Ruwa ya ci gaba da zuba. Yaya ya je ya rufe famfo. Ya ɗago abin da yatsu biyu, ya juya shi, ya dubi bakin tagullar, sannan ya dubi tagar da nake.

"Sarkin tsari," ya ce, "fito ka ga kumurcinka. Har da hular tagulla gare shi."

Na ji Hajiya ta ajiye ludayi a bayana. Ita ce ta zare sakatun biyu.

Tafiyar da na yi daga wannan ƙofa zuwa gindin bishiya, ba takalmi, fura a gefen wando, ita ce mafi nisa a rayuwata. Yaya ya kama Malam ya miƙar da shi. Ruwa yana ɗiga daga gemunsa. Na buɗe baki in yi bayani tun daga farko, wato tun daga kasuwa, sai ya ɗaga hannu.

"Malam, in an ƙare da mu, a buɗe muna ƙofa."

Na ciro mabuɗin daga aljihu a gabansu duka. Dukansu suka bi hannuna da kallo. Na je na buɗe kwaɗon. Alhaji Bello ya sauko, ya sunkuya ya ɗauki ƙullin goro da alewar da suka zo da shi, ya sa a hammata. Suka shiga mota ba tare da an ce sai an jima ba.

Tsoron maciji na ɗan lokaci ne. Wanda ya biyo baya shi ne ya hana ni cin abinci. Sun tafi da goronsu, kuma maganar da suka zo da ita ba a ƙarasa ta ba, balle a ba su amsa. Kwanaki suka yi ta wucewa ba aike ba waya. Aminu, wanda ba ya fashin zuwa zance, ƙafarsa ta ɗauke. Nafisa takan kawo mini abinci ta durƙusa ta ajiye ta tashi, idonta a kumbure, ba ta taɓa cewa uffan ba. Da ma ta yi mini rashin kunya da ya fi mini sauƙi. Yaran nan sun daɗe suna son juna, yaron kuma ba shi da abin kushewa, ni da kaina na bincika har wurin aikinsa. Duk motar da ta tsaya a layinmu sai in miƙe. Na riƙa tuna cewa tsohon nan mai rauni ne, idan ruwan ya sa masa zazzaɓi fa? Idan firgicin ya taɓa masa zuciya fa? Wane gida ne zai karɓi ɗiyar mutumin da ya kulle dattijonsu da abin da ya ɗauka kumurci ne?

Na ce wa Hajiya laifin mai shago ne. Ta ce, "Shi ya sa mabuɗi aljihunka?" Na ce laifin masu kawo ruwa ne da ba su da lokaci. Ta ce, "Su sunka danna sakata biyu?" Daga nan na daina neman mai laifi a gabanta.

Yaya Shehu ne ya dawo ya ce in sa riga mu tafi Ƙofar Kware. Na ce a bari in tsara abin da zan faɗa. Ya ce tsarina ne ya kawo mu nan.

Muka bi lungu har ƙofar gidan. Na yi fatan in same shi shi kaɗai. Zauren cike yake da dattawa, an gama karatu ana hira. Muna yin sallama hirar ta tsaya cak, wani ya sunkuyar da kai kafaɗunsa suna rawa, na gane labari ya riga ni isowa. Malam Ummaru yana kan buzunsa da sabon rawani. Alhaji Bello yana gefensa, ya amsa gaisuwata a taƙaice.

Na durƙusa. Duk abin da na shirya a hanya ya gudu. Na ce, "Allah gafarta Malam, na zo ba da haƙuri. Tsoro ne ya kama ni."

Malam ya dube ni.

"Tsoro ba laihi na ba," ya ce. "Ni ma da gwiwa ta yarda, da kan durom ɗin nan mu biyu za a iske. Ko ba haka ba, Bello?"

Alhaji Bello ya kau da kai. Zauren ya ɗan yi guna-guni.

"Abin da ni kwana ina tunani shi na mabuɗin. Ka gudu, mun gane. Ka rufe ƙofarka, iyali gare ka ciki, mun gane. To mu da ka bari waje, ta ina ka so mu bi?"

"Ban yi tunani ba, Malam."

"An ce mini kai ba ka yin komi sai da tunani."

A nan dariyar da ake ta dannewa ta ɓalle. Yayana ma, wanda ya rako ni don ya taya ni, har da share hawaye. Ni dai kaina yana ƙasa, ina jiran kalmar da za ta raba ɗiyata da wanda take so.

Malam ya bari aka lafa. Sannan ya ce da gangan ya hana Aminu zuwa, ya kuma hana a kira, don yana son ya ga ko mutumin da ake shakka a Minanata zai iya tako ƙafa ya ce ya yi kuskure. Ya ce da ban zo ba, da shi ma bai koma ba. Ya juya wajen yayana.

"Malam Shehu, maganar da ruwa ya katse, muna nan kanta. Kun ba mu?"

"Mun ba ku," in ji Yaya.

"Madalla. Amma sharaɗi biyu. Sa rana gidanka za a yi, Kwalkwalawa, inda macizan na gaskiya na, mun san yadda za mu yi da su. Ɗaurin aure kuwa masallaci, inda ƙofa ba ta hannun kowa."

Aka shafa fatiha. Alhaji Bello ya shiga ciki ya fito da goro, sabo, ya miƙa wa yayana, ba ni ba. Muka yi sallama muka fito. Da muka isa gida ban iya gaya wa Nafisa da bakina ba. Na ce wa Hajiya ta shiga ta faɗa mata, na tsaya a farfajiya har na jiyo dariyarta daga ɗaki, sannan na nemi abinci.

Abin da na koya ba shi da yawa. Na koma shagon na sayi wani tiyon, kore shar, na tsaya mai shagon ya nuna mini a waya har sau biyu. Yana aiki lafiya, ba nauyi, kuma alayyafon Hajiya bai taɓa yin kyau irin na bana ba. Idan na gama nakan rufe famfo, in danna maɗanni ya tsiyaye, in kwance shi in rataye a inuwa. Har yau idan ya fara miƙewa nakan ja baya kaɗan, in yi kamar ina duba gwaiba. Na kuma gane cewa mutum yana iya tsara komai na gidansa, amma bai san kansa ba sai ranar da wani abu ya motsa a ƙarƙashinsa.

Ga roƙona gare ka. Idan ka sayi irin wannan tiyo, kada ka ajiye shi sai ka ga yadda yake tashi da idonka, da rana tsaka, iyalinka suna tsaye. Idan kuma Allah ya kai ka ɗaurin auren nan bayan Sallah, ka ga wani dattijo a sahun baya kusa da ƙofa yana yawan duban ƙasa, ka ba shi hannu ku gaisa, ka yi masa Allah sanya alheri, ka wuce. Don Allah kada ka tambaye shi ko an kawo ruwa.